Yadda ake bin gaɓar teku da ƙaramin jirgin shaƙatawa, da abinda zaka yi in hadari ya taso maka

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanenmu na Gombe da Bauchi dake neman abinci a Legas. Tunda aka hana acaɓa a manyan unguwannin Legas a 2022 na lura yaranmu sun canza layi, wasu sun faɗa aikin bakin ruwa, wankin jirgi, ɗaukar kaya a jeti, daga nan sai kaga an ɗauki yaro ya zama yaron jirgin wani mai hali, irin ƙananan jiragen shaƙatawan nan masu ƙyallen iska da inji, ko masu inji zalla, waɗanda ake fita dasu ƙarshen mako. Aiki ne na halal kuma akwai samu, amma yaron da ya tashi a Jekadafari ko Kumo ruwan da yafi sani shine na Dadin Kowa, sai a saka shi a jirgi ba wanda ya zauna ya koya masa komai, ranar da gari ya ɓaci kuma shine a gaba yana jan igiya. Don su nake wannan rubutun, da duk wanda Allah ya hore masa ya sayi nasa ko aka gayyace shi yawo. Kusan duk aikin da zai fitar da kai daga hadari kafin hadarin ya iso ake yinsa, wani tun kana tudu, wani saura minti goma iska ta sauka, shi yasa zan daɗe a kan shiri.

Farko dai ka san irin gaɓar da kake bi. Gaɓar tekun Najeriya ta kai wajen kilomita 850, amma inda aka fi yawon shaƙatawa shine ta Legas, daga Badagry ta yamma zuwa wajajen Lekki ta gabas. Wannan gaɓar miƙaƙƙen rairayi ne kawai, ba lungu, ba tsibirin da zaka laɓe a bayansa, kuma igiyar ruwa mai tahowa tun daga kudancin Atlantika kullum tana dukanta ko da gari yayi garau. Iskar da tafi kaɗawa daga kudu maso yamma take zuwa, wato daga teku zuwa tudu, toh duk jirgin da injinsa ya mutu ko sitiyarinsa ya lalace ba tsakiyar teku za'a kai shi ba, bakin rairayi za'a tura shi inda igiya ke fashewa, kuma nan ne jirgi ke wargajewa. Mutumin tudu in ya tsorata zuciyarsa ce masa take matsa kusa da ƙasa, a wannan gaɓar kuwa kusa da ƙasa shine wajen hatsari. Ƙofar shiga ta gaske ɗaya ce, mashigar tashar Legas da ake kira Commodore Channel, mai dogayen katangun duwatsu biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, Tarkwa Bay tana laɓe a gindin ta yamman. In ka wuce ta kayi yamma sai Kwatano, kusan mil 60 na ruwa, kuma wata ƙasa ce sai da takardu. Mil ɗin ruwa mita 1,852 ne, not ɗaya shine mil ɗaya a awa, jirgi mai ƙyalle mai tsawon mita 10 yana yin not 5 zuwa 6, kaga Kwatano tafiyar awa 10 zuwa 12 ce in komai ya tafi daidai, kuma zuwan yafi dawowa wuya tunda ruwan wajen gabas yake nufa iska ma tana gabanka. Ka saba da wannan lissafin, duk inda ka kai ka riƙa tambayar kanka awa nawa ne tsakanina da ƙofa. Tashar Lekki da aka buɗe a 2023 ta manyan jiragen kwantena ce, ba wajen da zaka faɗa kai tsaye bane. Can gabas kuma bakin kogunan Neja Delta irin su Escravos da Forcados, ga tudun yashi a bakin kogi ga 'yan fashin teku, sabon shiga bashi da abin yi a can.

Na biyu shine lokaci. Disamba zuwa Fabrairu teku tafi kwanciya, matsalarta hazo. Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin hadari mai zuwa da guguwa ne farat ɗaya. Yuni zuwa Agusta iskar kudu maso yamma tana da ƙarfi, igiya manya, sama a rufe, wannan lokacin sabon shiga ya tsaya cikin lagun, wato babban tafkin Legas dake haɗe da teku, ya koyi hannu. Daren da zaku fita ka duba hasashen NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, ka duba manhaja irin Windy a waya, da asuba ka sake dubawa, kuma ba ƙarfin iska kaɗai zaka kalla ba, ka kalli bugun da take yi lokaci lokaci wanda yafi matsakaicinta, ka kalli tsayin igiya da tazarar daƙiƙu tsakanin igiya da igiya. Igiya mai mita ɗaya da rabi da tazarar daƙiƙa 12 a can waje lallausa ce jirgi hawa yake yana sauka, amma ita ce mai miƙewa tsaye ta fashe da ƙarfi in ta iso ruwa mara zurfi. Ma'aikatan ruwa suna auna iska da ma'aunin Beaufort, wani hafsan sojan ruwan Ingila ne ya tsara shi a 1805, daga 0 zuwa 12. Mataki na 4 not 11 zuwa 16 ne, nan ne daɗin tafiya. Na 5 not 17 zuwa 21, farar kumfa ta cika ruwa, aiki ya fara. Na 6 not 22 zuwa 27, igiyoyin jirgi suna kuka, ƙaramin jirgi da sababbin mutane ya zauna gida. Na 8 daga not 34 ne, wannan guguwa ce sosai. Dalilin da yasa ba'a raina ƙarin not biyar ko goma shine in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna ƙyalle dashi ninkawa huɗu yake.

Nan zan ɗan tsaya don nasan halin da yaranmu ke ciki. Oga ya gayyaci baƙi, an sayi nama an sayi lemo, kai yaron jirgi ne baka da ikon cewa ba za'a fita ba. Gaskiya ne, amma kana da baki. Ka samu kyaftin gefe cikin ladabi ka nuna masa abinda ka gani a waya, ka kawo shawarar a tsaya cikin lagun ko a kwana a Tarkwa Bay maimakon fita waje, baƙi zasu ci namansu su ɗauki hoto ba wanda zai san an rage masa komai. Kyaftin na ƙwarai baya jin haushin wannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, wanda kuma ya zage ka don ka faɗa masa gaskiyar yanayi ka fara neman wani jirgin tun yanzu.

Na uku duba jirgi, kuma da hannunka ba da tambaya ba. Mai dai a kasa shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba'a taɓa shi. Amma abinda yafi kashe inji a cikin hadari ba ƙarewar mai bane, dattin tanki ne. Gas ɗin da ya daɗe a tanki yana tara laka da ruwa a ƙasa, ranar da teku ke kwance ba abinda zai faru, ranar da jirgi ya fara tsalle sai dattin ya tashi ya toshe filta inji ya mutu daidai lokacin da kafi buƙatarsa. Don haka ka duba kofin filta ko akwai ruwa a ƙasansa, ka ajiye sabuwar filta da sifana kusa, ka koyi canza ta da fitar da iska daga layin mai tun jirgi na ɗaure a jeti. Ka duba baƙin mai, ka duba bel, in an tada inji ka leƙa baya ka tabbatar ruwan sanyaya inji yana fita ta salansa. Famfon kwashe ruwa na lantarki ka gwada shi, na hannu ma ka gwada, ga bokiti mai igiya. Anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ta zama a shirye da sarƙarta ba a ƙasan tarkace ba, kuma ƙarshen igiyarta a ɗaure yake da jirgi, wannan ana mantawa dashi sosai. Oba-oba ta VHF a kunna a bar ta a tasha ta 16, ita ce tashar neman agaji a duk duniya. Fitilu su kama, ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Daga nan ka shiga ciki ka ɗaure ko ka kulle duk abinda zai iya tashi sama, tukunyar gas, kula, kwalabe, wuƙaƙe, akwatin kayan aiki, domin in jirgi ya karkata kwalba ɗaya ta isa ta fasa wa mutum kai.

Na huɗu mutane. Kowa da rigar ruwa daidai jikinsa, a ɗaure har da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu in tana da ita, in babu wannan igiyar rigar takan zame ta kai in mutum ya faɗa ruwa. Yara sai da ta yara. Dan Allah a cire babbar riga da doguwar jallabiya, mata a ɗaure mayafi da hijabi a cusa cikin rigar ruwa, tufa mai yawo na'urar naɗe igiya tana kama shi kuma in ya jiƙe nauyi yake. Kafin a kwance jirgi a tara kowa minti biyar a nuna musu inda zasu zauna, inda zasu riƙe, a gaya musu ƙarfen nan na kwance dake ƙasan babban ƙyalle, bum, yana iya sharo kai in iska ta juya, kuma a samu aƙalla mutum ɗaya bayan kyaftin da ya iya tada inji da magana a oba-oba. A ci abinci mara maiƙo sosai, a sha ruwa, mai saurin tashin zuciya ya sha maganinsa tun a tudu don in amai ya fara magani baya zama, citta ma tana taimakon wasu. Wanda jiri ya kama kar ya shige ciki ya kwanta yana danna waya, ya zauna waje yana kallon can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, kuma a sa masa ido domin mai amai shine mai leƙawa gefe. Sai ka bar wa wani a tudu bayani, mutum nawa ne, ina zaku, ƙarfe nawa zaku dawo, wa zai kira in lokaci ya wuce. Sannan ayi bismillahi majreha wa mursaha, aya ta 41 a Suratu Hud, a kwance igiya.

Na biyar fita ta ƙofa. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, a Legas bambancin bai da yawa, wajen mita ɗaya, shi yasa mutane ke raina shi. Amma duk ruwan lagun ta wannan ƙofar yake fita, in yana janyewa sai yayi karo da igiyar dake shigowa a bakin katangu, igiyar ta gajarce ta miƙe tsaye, da damina kuma da koguna suka cika lagun abin yafi muni. Ka duba jadawalin cika da janyewa, ka saita fitarka da shigarka lokacin da ruwa ya tsaya ko yake shigowa. A cikin mashigar ka bi gefen damanka, manyan jiragen Apapa da Tin Can basu iya kauce maka kuma basu iya tsayawa, dokar kauce wa karo ta duniya ta 1972 ma cewa tayi jirgin da bai kai mita 20 ba ko mai ƙyalle kar ya tare wa babban jirgi hanya a ƙuntatacciyar mashiga. In kun fita, ku ba gaɓa tazara mai kyau, mil biyu uku ko fiye, kuna lura da tarun masunta da jiragen da suka yi anka suna jiran layi. Duk rabin awa ko awa ka rubuta inda kuke daga GPS a takarda da lokaci, in lantarki ya ɗauke wannan takardar da kamfas sune idonka.

Yanzu ga inda ɗan Gombe yafi ɗan Legas sanin abu in zai yi amfani dashi. Hadarin nan da muka sani yana haɗowa ta gabas da la'asar, gari yayi tsit yayi zafi, sai baƙin gajimare ya tokare, sai iska mai sanyi da ƙura ta riga ruwa isowa tana kwashe kwanon rufi, to shine dai yake faɗa wa jirgi a teku. A duk Afirka ta Yamma irin wannan hadarin daga gabas yake tafiya yamma a jere, gudunsa yakan kai kilomita 50 a awa, ba jirgin ƙyallen da zai tsere masa. Matsalar ita ce a teku iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, sai hankalin kowa ya tafi can, hadarin kuma ya zo ta ƙeya. Saboda haka ka mayar da waiwayen gabas da arewa maso gabas al'ada, duk minti goma sha biyar. Alamominsa dogon gajimare mai faɗin kai, ƙasansa baƙi ƙirin a miƙe, wani lokacin da wani naɗaɗɗen gajimare a gabansa ƙasa ƙasa, walƙiya, oba-oba tana ƙara, iskar da kuke tafiya da ita ta mutu, sannan can ƙarƙashinsa kaga ruwa yayi duhu da farin layi. In kaga walƙiya ka ƙirga daƙiƙu har kaji tsawa ka raba uku, abinda ya fita shine nisansa a kilomita, daƙiƙa 30 kenan kilomita 10, kuma a irin gudunsa bai fi minti 12 ya rage maka ba.

Cikin waɗannan mintocin ga yadda ake bi, kuma a bi a jere. Kowa ya sa rigar ruwa in da wanda ya cire, baƙi da yara su shiga ciki su zauna a ƙasa su riƙe wani abu, masu aiki su maƙala igiyar jikinsu a jirgi. A tada inji tun yanzu a bar shi yana aiki, bayan an leƙa an tabbatar ba igiyar da ke ja a ruwa wadda zata naɗe farfela. A naɗe ƙyallen gaba duka. Babban ƙyalle ayi masa rif, wato a sauke shi a naɗe ƙasansa ya ragu kamar yadda ake naɗe hannun babbar riga in za'a kama aiki, kuma a irin wannan hadarin ba'a rif ɗin farko, a tafi na ƙarshe, in mutanenka sababbi ne a sauke shi gaba ɗaya a ɗaure shi tam a kan bum a tafi da inji. Ni a ganina wannan yafi, ba abin kunya bane. A rufe duk tagogi da ƙofar sauka ciki, a cire rumfar inuwa don iska tana kama ta, a kunna fitilun tafiya, a rubuta inda ake, a kalli kewaye da kyau a haddace inda kowane jirgi yake da inda gaɓa take, domin nan da ɗan lokaci ba zaka ga goshin jirginka ba ma. In kuna kusa da gaɓa ko katangun duwatsu, a juya a ƙara nisa, kar a ce bari mu yi sauri mu shige ƙofa kafin ya iso, haɗuwa da guguwa tsakanin katangu biyu na dutse ga manyan jirage yafi haɗuwa da ita a fili muni nesa ba kusa ba.

Bugun farko shine mafi ƙarfi, yana iya wuce not 40, da sanyi da ruwa mai dukan fuska. Mai sitiyari ya fuskantar da goshin jirgi wajen iskar da ɗan karkace, ya ba inji wuta daidai yadda sitiyari zai riƙa ji, ba gudu ake nema ba. In akwai sauran ƙyalle a sama, mutum ɗaya ya riƙe igiyarsa a hannu a shirye ya saki in jirgi ya kwanta da yawa. Abinda ba'a so shine jirgi ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa. Mai inji zalla shima haka, ya rage gudu, ya tari igiya da kafaɗar goshi, ya ɗan ƙara wuta wajen hawa ya sassauta a sama don kar ya faɗo da ƙarfi. Ido a kan kamfas, domin cikin ruwan sama mutum yana iya juyawa gaba ɗaya bai sani ba. Kar a taɓa falwayar jirgi, wadda ke ɗauke da ƙyalle, da wayoyin ƙarfen da suka riƙe ta saboda aradu, waya ɗaya da ƙaramin GPS a saka su cikin tukunyar ƙarfe a rufe, in aradu ta ƙone na'urorin jirgi a samu na kira. Ana busa ham, mai tafiya da inji dogon busa ɗaya duk minti biyu. Kuma kyaftin ya riƙa magana da mutane da murya a kwance, yana gaya musu abinda ake ciki, yawanci ƙarfin iskar baya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya sai ya bar ruwan sama kawai. In ta lafa kar a yi gaggawar mayar da ƙyalle duka, a duba ƙasan jirgi ko ruwa ya shiga, a ƙirga mutane, a sake kallon gabas ko akwai na biyu a baya.

Akwai kuma ɓacin yanayi mai daɗewa, irin na tsakiyar damina, iska not 25 ta wuni tana kaɗawa igiya tana girma. Wannan gajiya ce makaminsa, mutane su jiƙe su yi amai su kasa tunani. A nan ake amfani da dabarar tsayar da jirgi a ruwa. Da ƙaramin rif a babban ƙyalle da ɗan ƙyallen gaba, sai ka juya goshin jirgi ya ƙetare iska amma kar ka saki igiyar ƙyallen gaba, ka bar shi iska ta danna shi ta baya, ka sassauta babban ƙyalle kaɗan, sannan ka murza sitiyari wajen iska ka ɗaure shi. Ƙyallen gaba yana tura goshi waje, sitiyari yana mayar dashi, sai jirgi ya natsu yana ɗan zamewa a hankali, tsallen ya ragu sosai har a iya dafa shayi a canza kaya. Sharaɗinsa fili, sai kana da mil da yawa tsakaninka da gaɓa ta ɓangaren da iska ke tura ka, kuma kowane jirgi da yadda yake karɓarta, don haka a gwada ranar da gari ke lafiya. In inji ya mutu kuma ana tura ku gaɓa, a ɗaga ɗan ƙyalle a nufi waje, in hakan ya gagara a saki anka tun kafin a kai inda igiya ke fashewa, sarƙa aƙalla ninki 4 na zurfin ruwa, in igiya ce ninki 7, a irin wannan halin ma a saki duk abinda ake dashi, sannan a kira agaji.

Hazo kuma ba sai na gaya wa mutumin Bauchi ko Gombe yadda yake rufe gari ba. A teku hatsarinsa karo ne. A rage gudu, a kunna fitilu, mutum ɗaya a goshi yana sauraro ba waya a kunnensa, a nisanci hanyar manyan jirage, in mai ƙyalle ne yana busa dogo ɗaya gajeru biyu.

In mutum ya faɗa ruwa, wanda ya gani yayi ihu, a jefa masa zoben ceto nan take, mutum ɗaya aikinsa kawai nuna shi da hannu kar ya ɗauke ido ko na ƙiftawa domin kai ɗaya a cikin igiya ɓacewa yake, a danna maɓallin MOB a GPS, mai ajiye wajen da mutum ya faɗa, a juyo a tunkare shi a hankali goshi na fuskantar iska, in an zo dab a cire giya saboda farfela. Kar wani ya yi tsalle ya bi shi, sai su zama biyu. Kiran agaji a tasha ta 16 ake yi, in rai na cikin hatsari kace Mayday sau uku, sunan jirgi sau uku, inda kuke, abinda ya faru, mutum nawa ne, irin taimakon da kuke so, sai ka saki maɓalli ka saurara, mutane da yawa suna manta sakin maɓallin. In matsala ce babba amma rai bai kai ga hatsari ba, Pan-Pan ake cewa. Ka rubuta wannan jerin da Turanci a takarda ka manna kusa da oba-oba, cikin firgici harshe ɗaurewa yake. Hukumar kula da jiragen teku NIMASA tana da cibiyar ceto a Legas, in waya na da sabis kuma akwai 112.

Wajen dawowa, in ka iso ƙofa kaga igiya tana fashewa fari fat daga katanga zuwa katanga, ka tsaya waje ka jira ruwa ya fara shigowa, awa biyu uku na jira sukan canza wajen gaba ɗaya. In zaka shiga, alamun ruwa jajaye su kasance a hagunka koraye a damanka, haka tsarin yake a Afirka, kowa a zaune a ɗaure, ƙofar ciki a rufe, mutum ɗaya yana kallon baya yana faɗa wa mai sitiyari in babbar igiya na tahowa don ya miƙar mata da bayan jirgi sosai kar ta juya shi gefe.

Na gida kuma, masu kwale-kwale a Dadin Kowa da sauran mashigan kogin Gongola, mafi yawan wannan ya shafe ku. Dam ɗin da aka gama a 1984 ruwa ne mai faɗi, in iskar gabas ta bi ta kansa tana tada gajerun igiyoyi masu tsini a jere da juna, kwale-kwalen da aka cika da buhunan masara da babura da mutanen kasuwa har bakinsa ya kusa taɓa ruwa igiya biyu sun ishe shi. Bambancinku da na teku shine ku gaɓa mafaka ce, in kunga gabas ta haɗe ku nufi gaɓa mafi kusa tun da wuri, in da hali wadda iskar ke fitowa daga wajenta don nan ruwa yafi kwanciya, a sauke mutane a ja jirgi a jira. In ta riske ku a tsakiya kowa ya zauna ƙasa a tsakiyar jirgi kar a ruga gefe ɗaya, mutum biyu su kama kwasar ruwa, direba ya tari igiya da goshi, kaya masu nauyi in ta kama a zubar a zubar. Hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida NIWA ta hana tafiyar dare da lodin wuce ƙa'ida kuma ta wajabta rigar ruwa, ga dorina a wannan ruwan wadda da dare ba ganinta zaka yi ba. Shugabannin masu jirgi da sarakunan ruwa su sa a ja layi da fenti a jikin kowane kwale-kwale, in ruwa ya taɓa layin lodi ya tsaya, kuma ranar kasuwa da damina jirgin ƙarshe ya tashi tun kafin la'asar.